Tafin Hannu Mai Yatsu Huɗu

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa ɓawon ɗorawa a wani tsohon baho, wai za ta gyara daɓen ɗakin kajinta, sai warin ya tsallako katanga ya same ni ina tankaɗe. Idan ba ka taɓa jin warin makuba ba, wato ruwan ɓawon ɗorawar nan, ba zan iya kwatanta maka shi sosai ba. Yana da ɗaci-ɗaci, yana da tsami-tsami, kuma idan ya kama zanenka sai ya kwana uku bai sake ka ba. Jikokina suka toshe hanci suka gudu ɗaki. Ni kuwa na ajiye rariya na zauna, domin warin nan ya mayar da ni Gidan Gandu, wurin da ba na son komawa ko a tunani.

Gidan yana tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Idan ka sauka daga titi kafin ka kai Gwaram, ka bi wata 'yar hanya ta cikin gonaki, a da tun daga nesa za ka hango zankayensa sun fi bishiyoyin kuka tsawo. Soro ne mai bene, na jar ƙasa zalla, da zaure uku a jere, da azara masu kauri waɗanda sai ƙarti shida suke ɗaga guda. Wani attajiri ne ya sa aka gina shi tun kafin zuwan Turawa. Yana da gonaki iya ganin ido, kuma bayi ne suke noma masa su. A bayan gidan, can gangare inda ruwa yake kwanciya, akwai rinji, wato ƙauyen da ya zaunar da bayin. A nan aka haife ni. Na daɗe a duniya kafin bakina ya iya faɗar wannan ba tare da na sassauta murya ba.

Lokacin da na yi wayo an ce bauta ta ƙare tuntuni. A takarda ta ƙare. Amma kowace shekara, da an gama kai amfanin gona gida, sai ɗan aike ya gangaro rinji ya ce Maigida yana gaisuwa, kuma lokacin yaɓe ya yi. Maigidan nan ɗan attajirin ne, tsoho mai tumbi da yawan gyatsa. Ba ya cewa dole ne, ba kuma wanda ya taɓa gwada ƙin zuwa. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa da ciyawa, su yi ta tattakawa kwana da kwanaki, sannan su hau tsani su bi bango da hannu. Mata su yi ta jigilar ruwa, su jiƙa makuba, su durƙusa da madaɓi suna buga daɓe har tafin hannunsu ya yi bororo. Da azahar a fito da tuwon dawa a akushi guda a dire a rana, a ce Allah Ya yi albarka. Babana magini ne, shi yake jagorantar maza. Yakan tafi yana tsaki ya dawo yana tsaki, amma aikinsa ba ya taɓa yin aibi.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ina aji biyu a firamare. Aka raba mana 'yan tutoci, muka yi ta kaɗa su muna rera abin da ba mu fahimta ba. Na kawo tawa gida na nuna wa Kaka, mahaifiyar babana, na ce mata malam ya ce yanzu kowa ɗa ne a ƙasar nan. Ta juya tutar gaba da baya, ta ce ƙyallen bai isa ko ƙulla daddawa ba. Bayan wata uku ɗan aike ya gangaro kamar kullum.

Kaka gajeriyar mace ce, baƙa, mai kaifin harshe. Ba ta raga wa kowa, har liman. Amma ranar yaɓe ita ce take riga kowa isa gidan da Maigida yake kiranta baiwar gidansu a gaban mutane, yana dariya wai wasa ne. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. A wannan shekarar ce na bi ta, na ga ba ta tsaya wurin mata ba. Ta wuce zaure uku, ta zagaya bayan soro, ta shiga wani ɗakin ajiyar hatsi mai ƙaramar taga. Ta durƙusa a gaban bangon gabas. A nan, daidai ƙirjin mutum idan ya durƙusa, akwai wani gurbi mai zurfi kamar cikin ƙwarya. Ta kamo wuyana ta ce in leƙa. A can ƙasan gurbin na ga sawun tafin hannu, na hagu, ɗan siriri. Yatsu huɗu ne. Babu ƙaramin.

Hannun mahaifiyarta ne. Daga duwatsun kudu aka kamo ta tana budurwa, aka sa mata wani suna da ba nata ba, kuma har Kaka ta mutu ba ta san sunan uwarta na ainihi ba. Tana cikin masu ɗaukar ƙasa lokacin da ake gina soron. Wata azara ta suɓuce ta datse mata ƙaramin yatsa, aka ɗaure da tsumma aka ce ta koma aiki. Ranar da ake yaɓe ɗakin nan na farko, Kaka tana 'yar mitsitsiya tana riƙe da gefen zanenta, sai uwar ta danna tafinta a ɗanyen bango, ta ce mata ga shi nan, ko da wata rana. Kafin damina ta zagayo attajirin ya haɗa uwar da wasu mutum uku da doki guda ya aika wa wani abokinsa kyauta. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Babu kabari, babu zane, babu ko munduwa, sai wannan.

Tun da Kaka ta isa ɗaukar ƙwarya, ita take yaɓe bangon nan, ba ta barin kowa ya taɓa shi. Kowace shekara ta shafa sabuwar ƙasa ta zagaye hannun, ta bar shi yadda yake. Shi ya sa bango ya yi ta kauri, hannun yana ƙara nutsewa ciki, har ya zama gurbi. Idan ta gama sai ta wanke hannunta na hagu, ta goge shi tas, ta zura shi ciki ta ɗora a kan sawun, ta ɗan jima. Ba ta kuka, ba ta addu'a da ƙarfi. Daga nan ta tashi ta je ta ci gaba da zagin matan da ba su iya riƙe madaɓi ba.

Shekaru suka wuce. Maigida ya rasu, iyalinsa suka watse zuwa Kano. Samarin rinji suka gano cewa ɗan aike ba shi da bulala, suka daina amsa kira, wasu suka bi motoci suka tafi birni. Jemagu suka gaji bene. Babana yakan je shi kaɗai ya gyara indararo don kada ruwa ya ci bangon ɗakin hatsi, saboda uwarsa. Ita kuwa ba ta taɓa fashi ba, da 'yar ƙwaryar ƙasarta da sandarta. Ni kuma na ci jarrabawa na tafi kwalejin horon malamai ta mata a Kano. A can na koyi Turanci, na koyi ɗaurin ɗankwali na birni, na kuma koyi cewa ni 'yar Birnin Kudu ce idan an tambaye ni, ba tare da ƙarin bayani ba.

Sai kuɗin mai suka zo. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane haukan da aka yi ba. Kowa ya ga ginin ƙasa sai ya ga ƙauyanci, kowa yana son siminti da kwano, ko da zai soyu a ciki da bazara. Jikan attajirin, wanda ya zama babban Alhaji mai manyan motocin dakon kaya, ya tuna yana da gidan kaka. Ba kewar gidan ce ta kama shi ba. Ya ji ana cewa manyan mutane suna da asali, shi ma yana so a zo a ga nasa. Ya nemo wasu jami'ai masu kula da kayan tarihi daga birni, ya nemo ɗan kwangila, aka ce za a adana Gidan Gandu don 'yan baya.

Na zo hutu a lokacin. Alhaji ya aiko a kira ni, wai ya ji akwai yarinya mai Turanci a rinji, yana so in zagaya da baƙin. Ranar na sa atamfata mafi kyau. Kafin in fita Kaka ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa sosai, idonta ya fara hazo. Ta ce ta ji za a shafe gidan da siminti ciki da waje. Ta ce ita ba ruwanta da soron, su shafe shi da zuma ma idan sun ga dama, amma in gaya wa masu takardun nan abin da ke cikin gurbin, in roƙe su su zagaye shi kamar yadda take yi. Ta ce ni za su saurara, tunda ina jin yarensu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙaramin abu ne.

Babana ya riga ni magana a zaure. Ya durƙusa ya gaya wa ɗan kwangila cewa siminti ba ya zama da jar ƙasa. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, idan aka rufe masa fuska ruwan zai shiga ta sama ya rasa hanyar fita, ya ruɓar da shi daga ciki. Ɗan kwangilan, wani mai ƙaton agogo da bai taɓa kwaɓa ƙasa ba a rayuwarsa, ya tambaye shi a wace makaranta ya karanta aikin injiniya. Aka yi dariya. Alhaji ya ce a ba tsoho goro ya je ya huta. Ina tsaye ina ji, kuma abin da ya dame ni a lokacin shi ne kada baƙin su gane babana ne.

Alhaji ya gabatar da ni ya ce 'yar gidansu ce. Wallahi kaina ya kumbura. Na bi su ɗaki-ɗaki ina fassara ƙaryar da yake zubawa, wai kakansa mutum ne mai tausayi da ya tara marasa galihu yana ciyar da su. A wani lungu muka tarar da turu, guntun icen da ake saka ƙafar bawa a ciki, da wasu mari na ƙarfe duk sun yi tsatsa. Babban jami'in, mai farin tabarau, ya ɗan taɓa su da takalmi. Alhaji ya ce tarkace ne, ya sa a kwashe a ba maƙeri. Ba wanda ya rubuta komai a littafinsa.

Muka shiga ɗakin hatsi. Mai tabarau ya ga gurbin, ya sunkuya ya leƙa, amma inuwarsa ta tare hasken taga. Ya tambaya mene ne wannan. Alhaji ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙila wurin ajiye fitila ne. Sai mutumin ya juyo ya dube ni, ya ce ke 'yar gida, haka ne?

Ka ga, ba tsawa ya yi mini ba. Da fara'a ya tambaya, alƙalaminsa a hannu. Da na buɗe baki na faɗa, ina jin da ya rubuta. Amma kafin in faɗi hannun wa ne, sai na faɗi ko ni wace ce, a gaban Alhaji da ya ce ni 'yar gidansu ce, a cikin atamfata mai kyau.

Na ce, “E, wurin fitila ne.”

Ɗan kwangila ya ce za a cike shi bango ya daidaita. Muka wuce ɗaki na gaba. Da na koma gida Kaka ta tambaye ni, na ce na gaya musu, sun ce za su duba. Ta sa mini albarka har da tofi a ka. Ban taɓa jin ƙyamar wani mahaluki kamar yadda na ji ƙyamar kaina a ranar ba, kuma duk da haka na ci tuwo na koma makaranta ban gyara ba.

Da na dawo hutu na gaba an gama aiki. Sun lulluɓe soron da siminti tun daga tushe har zanko, sun shafa masa farin fenti, ya koma kamar ƙaton asibiti. Duk zanen da maginan farko suka yi a bakin zaure ya ɓace. Sun kafa allo a ƙofar gida, an rubuta cewa attajirin ya gina wannan gida da guminsa. Da guminsa! Mutumin da Kaka ta ce ko buta ba ya ɗauka da kansa. Ranar buɗewa aka yanka shanu, aka kuma aiko rinji wai ana son mutum ashirin su sa tsofaffin kaya su riƙe fartanya su jeru a gaban soro, za a ɗauki hoto don a nuna yadda ake noma a da. Har wasu suka je, saboda nama. Na ga tsofaffin da iyayensu suka sha turu a gidan nan suna washe baki ga mai hoto, wani yaron Alhaji yana ce musu su ƙara sunkuyawa.

Kaka ta sa babana ya kai ta tsakar taron. Ba ta kalli kowa ba, ta wuce ɗakin hatsi tana dogara sanda, na bi ta a baya. Ta durƙusa ta shafa bangon gabas. Sumul yake, da sanyi. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta koma gefe, ko ta yi kuskuren wuri. Ta daɗe tana lalube. Sannan ta juyo inda take jin numfashina. Na jira zagi, domin na san bakinta, kuma da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ta ce, “Da kin ce mini ba za ki iya ba, da na je da kaina. Ni ba na jin kunyarta.”

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, tana ba ni gyaɗa idan zan koma. Amma ta daina tsokanata, ta daina kirana da sunan banzan da ta laƙaba mini tun ina jaririya, kuma duk rinji an san wanda Kaka ta daina zagi ya fita daga ranta.

Baƙin da aka ce za su riƙa zuwa kallo ba su zo ba, in ban da 'yan makaranta sau biyu. Damina ta farko siminti ya tsage a kan soro. Ta biyu ya fara kumbura, idan ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. A ta uku, cikin marka, bayan ruwan kwana biyu, da hantsi mutane suna gona suka ji wata ƙara kamar aradu. Gidan da ya fi shekara saba'in a tsaye da ƙasa da makuba ya zube, bene da zaure biyu da duk ɓangaren gabas. Babana bai ce ai na faɗa ba. Tsaki kawai ya yi.

Ina koyarwa a Gwaram lokacin, na hau motar kasuwa na taho. Na tarar Kaka ta kafe sai an kai ta. Ba ta iya tafiya sosai, idon ma ya tafi gaba ɗaya, babana ya ɗora ta a jaki. Muka zaunar da ita a kan wata azara, ni da shi muka shiga tonon laka inda ɗakin hatsi yake a da. Ni dai na san aikin banza muke yi, bangon ya narke ya zama taɓo. Can wajen la'asar babana ya ciro wani dunƙulen siminti mai kamar an kifa ƙwarya, shi ne wanda aka cike gurbin da shi. Ya juya shi, ya tsaya. Ya ce in kawo ruwa. Na zuba, yana wanke jar ƙasar da babban yatsansa a hankali, sai ga hannu yana fitowa. Simintin ya shiga kowane lungu na sawun ya ɗauke shi. Amma yanzu ba rami ba ne. Tafi ne sosai ya taso, da tudunsa da yatsunsa huɗu, har da guntun wurin da na biyar ya datse.

Ya kai mata ya ɗora a cinyarta. Ta lalube shi, ta kai hannun hagu kamar yadda ta saba fiye da shekara sittin, sai ya ƙi zama, yatsun suka saɓa. Sannan ta janye shi ta kawo na dama, ta haɗa tafi da tafi, yadda kake yi da mutumin da yake zaune a gabanka. Ya zauna daidai.

Ta ce, “Yau ita ce ta miƙo.”

Kaka ta rasu da kakar wannan shekarar. Kafin nan ta sa aka naɗe dunƙulen a tsohon zanenta, ta ce a ba wa mai fitila. Babana bai gane ba, ni na gane. Ashe wani daga cikin leburorin ya daɗe da gaya mata abin da na faɗa a ɗakin. Da aka kawo mini saƙon na yi kuka na yi dariya, domin ta mutu ta bar mini sabon sunan tsokana, kuma a wurin Kaka wannan shi ne yafiya.

Yanzu idan ka je wurin, tudun jar ƙasa za ka gani, da tumfafiya da awaki. Allon nan kuwa yana nan a tsaye, ya yi tsatsa amma ana iya karanta gumin attajiri. Bara wasu samari biyu, jikokin Alhaji, suka zo har gidana da mota mai sanyi. Sun ce za su sake gina gidan da bulo, su yi masa fenti launin ƙasa don masu yawon buɗe ido, kuma sun ji ina da wani abu na gidan da zai yi kyau a cikin gilashi. Na tambaye su me za su rubuta a ƙarƙashinsa. Babban ya ce za a sa fasahar maginan gargajiya. Na ce su shanye ruwansu, Allah Ya kiyaye hanya.

Da warin makubar nan ya lafa jiya, na kira jikokina daga ɗaki, na buɗe akwati na warware zanen. Ƙaramar ta ƙirga yatsun sau biyu, ta ce saura ɗaya, ta tambaye ni hannun wa ne. Tagar tana buɗe, maƙwabciyata tana jin mu ta katanga. Na ce hannun kakar babana ne, baiwa ce a Gidan Gandu, ita ta ɗauki ƙasar da aka gina shi, kuma mu jininta ne. Ban sassauta murya ba.